Wa Yake Shan Man Marsandin Baba?

A wannan wata na ajiye zancen makaranta da na tarbiyyar yara, zan ba ku labarin wata tsohuwar mota da yadda ta kusa raba ni da ɗan yayata. Na san a cikinmu akwai masu irin wannan mota da dama, daga Zongon Paraku har zuwa na Jugu da na Kandi, kuma na san kukan kowa ɗaya ne, wato shan mai. To ga abin da ya same ni, ko Allah ya sa wani ya tsira da kuɗinsa da kuma mutuncinsa.

Motar dai Marsandi ce, samfurin 230E, ƙirar 1990, irin wadda makanikai suke kira 124. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo ta a Kwatano a 2004, cikin motocin nan da ake saukewa daga jirgin ruwa bayan Turawa sun gama yayinsu. Baba fataucin albasa yake yi, ya saya a Malanbil ya kai kudu, kuma ya yi shekaru yana tara kuɗin wannan mota. A zamaninsu, idan mutum ya sauka daga Marsandi a wurin ɗaurin aure, to ba sai an tambayi ko wane ne ba, tabarmar gaba za a nuna masa. Da ya rasu a 2019 aka zo rabon gado, sai 'yan uwa suka ce a yi mata kuɗi a sa a cikin rabona, domin ni ne nake zaune a nan Paraku, unguwar Gar, kuma ni ne zan riƙa kai da kawowa wurin tsohuwarmu da ke Jugu. Da haka malamin firamare, wanda kowa ya san iyakar albashinsa, ya wayi gari da motar alhazai a ƙofar gidan haya.

Tsakanin Paraku da Jugu kimanin kilomita 135 ne, zuwa da dawowa 270 ke nan. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ni tawa a taya take, domin sau biyu a wata nakan kama wannan hanya, in tafi ranar Asabar da sassafe in dawo Lahadi da yamma. A cikin aljihun gaban motar na tarar da wani ɗan littafi na Baba, wanda yake rubuta lissafinsa da ajami. Duk lokacin da ya sha mai yakan rubuta rana da yawan lita da inda ya je. A littafin nan, tafiyar Jugu da dawowa lita 27 ce, wani lokaci 28, wato lita 10 a kowace kilomita 100. Na duba littafin na yi murmushi, na ce tsofaffi da son lissafi, na mayar da shi inda yake ban ƙara ko layi ɗaya ba. Ni da nake koyar da lissafi tun da na fito makarantar horon malamai ta Jugu. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Ba sai na gaya wa mai karatu inda yawancinmu muke shan mai ba. Kpayo ne, man nan da ake tsallakowa da shi daga Nijeriya, namu na nan arewa ta wajen Nikki da sauran hanyoyin daji, a jera shi bakin titi a cikin kwalabe. Arharsa daga tallafin da gwamnatin Nijeriya take ba man fetur ta samo asali. Ranar 29 ga watan Mayu 2023, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Kafin a yi mako guda, litar da muke saya wajen sefa 450, wato dala 90, ta haura sefa 700, har ta zarce farashin gidan mai na wani lokaci, mutane suka koma bin layi a gidajen man da suka manta hanyarsu.

Tun daga wannan lokaci kuɗin da nake kashewa a tafiyar Jugu ya yi tsalle, kuma ban yi mamaki ba, tunda na kowa ma ya yi. Duk majalisar da ka zauna zancen ke nan. Ashe abu biyu ne suka tashi lokaci ɗaya, farashin lita da kuma yawan litar da motar take sha, amma da yake da kuɗi nake sayen mai, in ce a zuba mini na jikka 10 ko na jikka 5, sai na farkon ya rufe na biyun. Sai wajen watan Nuwamba, da farashi ya ɗan zauna wuri ɗaya, na lura cewa allurar mai tana faɗuwa kamar ana jan ta da igiya. In cika tanki ranar Juma'a, tankin da yake cin lita 70, in je Jugu in dawo, in tarar saura bai kai rabi ba. Da can kuwa har in yi zirga-zirgar mako biyu a cikin gari da abin da ya rage.

A nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Akwai ɗan yayata da yake zaune a wurina, yaro ɗan shekara 19, uwarsa ta turo shi daga Jugu ya koyi gyaran babur. Shi yake wanke motar, shi yake kai uwargida kasuwa, makulli na biyu ma a hannunsa yake. Abokansa kuwa duk 'yan zem ne, masu haya da babur, waɗanda tsadar mai ta fi cin kowa. Sai na fara haɗa wannan da wancan. Na tuna wata rana na ga guntun tiyo a ɗakinsa. Na tuna na taɓa jin warin fetur a rigarsa. Ban tsaya na tambayi kaina wane mai gyaran babur ne ba ya da tiyo, ko wane ne rigarsa ba ta warin fetur ba.

Wani dare muna cin tuwo, sai na yi zagi a kasuwa. Na ce, "Wannan zamani mutum sai ya riƙa kwana da tankin motarsa a ƙarƙashin filo, domin ɓeran gida ya fi na daji ɓarna." Yaron ya tsame hannu daga kwano. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da makulli ya durƙusa ya ajiye a gabana, ya ce, "Kawu, in da ni kake, ga makullinka. Wallahi ban taɓa ɗibar ko cokali ba." Na ce ni ban kama sunan kowa ba. Washegari kafin in dawo daga makaranta ya haɗa kayansa ya hau motar Jugu. Yayata ba ta kira ni ba, ni ma ban kira ta ba, kuma duk wanda ya san Yaya ya san shirunta ya fi faɗanta ciwo.

Uwargida ce ta fasa ƙwan. Bayan kwana uku, ina zaune ina gyaran littattafan yara, sai ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, ba kai ne kake hana yaro maki ba idan ya rubuta amsa bai nuna aikinsa ba? To kai ina naka aikin? Ka auna ne, ko ka gani da idonka?" Na buɗe baki zan yi magana, na rasa ta cewa. A daren nan na ɗauko littafin Baba, na buɗe sabon shafi.

Ga yadda ake awon, domin ba ya bukatar komai sai biro da haƙuri. Ka je gidan mai, ba bakin titi ba, ka sa a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa. Ka yi tafiyar da ka san tsawonta. Ka dawo wannan gidan mai, wannan famfon, ka sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. Ka ninka ta sau 100, ka raba da yawan kilomita. Lissafin da muke koya wa 'yan ajin CM2 ne kafin jarrabawar CEP. Dalilin da ya sa na ce gidan mai shi ne kwalba ba ma'auni ba ce. Na taɓa aro litar awo ta makaranta na gwada man da na saya a matsayin lita 20, na samu 19 da ɗan ɗigo. Ba na cewa kowane mai kpayo haka yake, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, amma ba a gina lissafi a kan abin da yake canzawa. Haka nan ban dogara da lambar kilomita ta gaban motar ba. Irin wannan Marsandi tana da wani ɗan haƙorin roba a cikin agogon, wanda yakan tsage idan ya tsufa, sai lamba ta riƙa tsallake ko ta tsaya cik, kuma tawa ta fara haka. Saboda haka hanyar Jugu na mayar ma'aunina, tunda ita ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Farkon watan Disamba na cika tanki da asubar Asabar na kama hanya. A Jugu na kulle motar a cikin gidan tsohuwa, makullai biyu duk suna aljihuna, na kwana a ɗakin da tagarsa take kallon ta. Gidan Yaya bai fi tafiyar minti biyar ba, amma ban taka ba. Lahadi da yamma na dawo Paraku, na zarce gidan mai. Famfo ya yi ta zuba, ina kallon lamba tana juyawa, ta wuce 27 na Baba, ta wuce 35, ba ta tsaya ba sai a lita 40 da rabi. Na yi lissafin a kan murfin but, ya ba ni lita 15 a kilomita 100. Ba wanda ya taɓa motar nan sai ni. Ɓarawon yana cikin injin, yaron mutane kuwa yana can Jugu da tabon sata a goshinsa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba.

Tunda ruwa ba ya tsami banza, sai na fara da abin da hannuna zai iya. Na kai ta wurin mai faci ya auna iskar tayoyi, aka tarar biyu na baya sun yi laushi ƙwarai. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana shimfiɗewa a kan kwalta, injin sai ya ƙara ƙarfi kafin ya ja ta, kamar mai tura amalanke a cikin yashi. Adadin iskar da ya kamata a rubuce yake a cikin murfin tankin mai, shekara huɗu ina buɗe wannan murfi ban taɓa karantawa ba. Na buɗe gidan matatar iska, na tarar ta yi ja wur da ƙurar hunturu, in ka buga ta a ƙasa sai ka ce buhun siminti aka zazzage. Na sayi sabuwa. Na kuma sauke tarkacen da ke cikin but, tsohon batir da jarkoki da wata tayar da ta mutu tun Baba yana da rai.

Bayan mako biyu na sake kama hanya, amma wannan karo gidan Yaya na fara sauka. Na gaishe ta, ta amsa a gajarce tana tsintar shinkafa. Na ce, "Yaya, na zo ne in ba da haƙuri. Na zargi yaron nan da abin da bai yi ba, na auna na ga gaskiya." Ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Ni ba ni ka yi wa ba. Ga shi can a zaure." Na same shi yana kwance wani injin babur. Faɗar wannan magana ga yaron da aka haifa a gabana ta fi mini hawan dutse wuya, amma na faɗa. Na ce, "Ɗana, na zalunce ka, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai Kawu, ya wuce." Tsohuwarmu da ta ji labari ta ce magana zarar bunu ce, in godiya nake so in yi, in gode wa Allah da ya sa yaron mai sanyin zuciya ne.

Tare muka dawo, kuma a wannan tafiya ce aka kama babban ɓarawon. Mun yi nisa, mun wuce rabin hanya, sai yaron ya nuna agogon gaban mota ya ce, "Kawu, dubi allurar zafi. Mun fi awa ɗaya muna gudu, ba ta wuce 60 ba." Na ce ai wannan abin alfahari ne, motata ba ta zafi. Ya ce, "Na taɓa gaya maka tun da damina, ka ce in bar maka abinka." Sai na tuna lallai ya faɗa, na kuwa gwale shi. Da muka tsaya shan ruwa ya zagaya motar yana kai bayan hannunsa kusa da kowace taya. Uku da ɗumi kawai, amma ta gaba ta hannun dama kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya ce birki yana kamawa. Awon wannan tafiya ya ba da lita 38, wato 14 a kilomita 100. Iskar taya da matatar iska sun dawo mini da lita ɗaya.

Akwai wani dattijon makanike a bayan tashar jirgin ƙasa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran manyan motocin da suke ɗaukar kayan Nijar daga Gar, tun lokacin da jirgi yake kawo su daga Kwatano a sauke a nan. Wurinsa muka kai ta. Na nuna masa littafin, ya duba na Baba ya duba nawa, ya ce, "Mushe, da kowa zai zo mini da irin wannan, da aikina ya yi sauƙi. Yawanci sai mutum ya ce tana shan mai, in ce nawa, ya ce da yawa."

Abin da ya fara yi shi ne neman yoyo. Ya sa aka ɗaga ta, ya bi bututun mai tun daga tanki, ya duba famfon mai da matatarsa da suke ƙarƙashin mota wajen tayar baya, yana shafawa yana sansanawa. Ya ce a tsohuwar mota da wannan ake farawa, domin yoyon fetur ba aljihu kaɗai yake ci ba, gobara ce take jiran ashana. Bai samu komai ba. Sannan ya juya tayar gaban nan da hannu, ta ƙi yin ko zagaye ɗaya. Tsatsa da laka sun riƙe abin da yake matse birkin, ba ya sakewa duka idan an ɗaga ƙafa. Wato duk tafiyar da nake yi, kamar ina taka totur ne da ƙafa ɗaya, ina taka birki da ɗayar. Ya kwance ya wanke ya sa sababbin robobi. Na ce ya ci gaba da sauran, ya ce a'a, in je in auna tukuna, domin in aka canza abu biyar rana ɗaya ba za a san wanne ne ya yi magani ba, kuma gobe in ciwon ya dawo sai a sake sayen biyar ɗin. Tafiya ta gaba ta ci lita 35, wato 13.

Da muka koma ya kwance buji guda huɗu, abin da 'yan Nijeriya suke kira fulogi, ya jera su a kan tsumma. Dukkansu baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya. Na ce to a sayi sababbi. Ya ce buji shaida ne, ba shi ne mai laifi ba. Injin mai lafiya kan bujinsa ruwan ƙasa-ƙasa yake. In ɗaya ne ya yi baƙi, to ciwon a ɗakinsa yake shi kaɗai. In duka huɗun ne, to wani abu ne yake ba injin gaba ɗaya mai fiye da kima. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya miƙo mini in sansana, na ji warin fetur. Sannan ya kwance wani ɗan murfi inda babban tiyon ruwa yake haɗuwa da injin, ya leƙa, ya juyo ya dube ni ya ce, "Ina termosta?"

Mai karatu, ni na sa aka cire ta. A watan Afrilu 2023, tsakiyar bazara, motar ta yi zafi a hanya har tana tururi. Wani mai gyara da na samu a bakin hanya ya ce ai wannan abu na ƙasar sanyi ne, Turawa suka sa domin ƙanƙara, mu nan ba mu da bukatarsa. Ya cire ya jefar, allura ta sauka, na biya shi har da tukuici. Na tabbata rabin masu karanta wannan shafi an taɓa gaya musu haka. Ashe gyaran gangar Auzinawa aka yi mini, wata ɗaya kafin tashin farashin kpayo ya zo ya rufe ɓarnar.

Ga bayanin da dattijon ya yi mini, na kuma fahimce shi. Termosta wata 'yar ƙofa ce da take tsare ruwa a cikin injin har ya yi zafi, sannan ta buɗe ya tafi lagireto ya huce. An ƙera injin ne ya yi aiki da zafin da ya ɗan haura 80. Injin mai sanyi fetur ba ya tashi ya gauraya da iska sosai a cikinsa, saboda haka dole a ƙara masa mai kafin ya ci wuta. Duk mai babur ya san wannan, shi ya sa yake jan cok da sanyin safiya, in injin ya ɗumama ya mayar. A irin wannan Marsandi ba hannu ne yake jan cok ba. Akwai wani ɗan ma'aunin zafi da yake nutse a cikin ruwan injin, shi yake gaya wa ƙwaƙwalwar motar ko injin ya yi zafi ko bai yi ba, ita kuma ta ƙara mai ko ta rage. Idan babu termosta, ruwa yana zagayawa ba tsayawa, musamman a kan doguwar hanya da iskar hunturu, injin ba ya kai zafinsa, ƙwaƙwalwa kuwa tana ta ƙara mai tana jiran ya ɗumama. Wato daga Paraku har Jugu da cok a jaye nake tafiya. Man da ya yi yawa ba ya ƙonewa duka, wani ya fita ta salansa baƙin hayaƙi, wani ya sulale ya wanke bangon injin ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Da na ƙara shekara ɗaya a haka, da injin ɗin kansa zan nema.

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya sa mita ya auna shi kansa ma'aunin zafin. Ya ce mai lafiya yakan nuna wajen om 2,500 idan ruwa yana da zafi 20, ya sauka zuwa wajen 300 idan ya kai 80. Nawa lafiyarsa lau, amma bakin wayarsa ya yi kore da tsatsa, ita kuwa tsatsa tana ƙara lambar, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka injin ya fi yadda yake sanyi. Ya kankare ya wanke. Game da zafin da ta yi da bazara kuwa, lagireto ne ya toshe, ciki da tsatsa da gishirin ruwan rijiyar da muke zubawa, waje da laka da ƙwari. Shi ya kamata a wanke tun farko. Aka wanke shi, aka zuba ruwan lagireto na gaskiya, aka juye baƙin mai, aka sa sababbin buji. Sabuwar termostar kuwa dattijon ya miƙa wa ɗan yayata ya ce, "Kai ka gano ta, kai za ka ɗaura."

Ƙarshen watan Janairu 2024 muka yi awo na huɗu. Kafin mu fita gari allura ta hau ta ɗan wuce 80 ta zauna, ba ta motsa ba har Jugu. Da muka dawo, famfo ya tsaya a lita 30, wato 11 a kilomita 100. Ba ta koma 10 na Baba ba. Dattijon ya ce akwai wani ma'auni a jikin salansa mai sansanar hayaƙi, wanda shi ma yakan gaji da tsufa, kuma bakunan da suke fesa mai sun sha dattin kpayo shekara da shekaru. Na ce waɗannan su jira, aljihun malami ba ya ɗaukar komai rana ɗaya. Mota mai shekara sama da 30 in ta ba ka 11, sai godiya. Duk abin da na kashe bai kai jikka 40 ba. Abin da nake tsira da shi kuwa lita 10 da rabi ne a kowace tafiya, sama da jikka 7 a farashin lokacin, kusan jikka 15 a wata. Cikin wata uku gyara ya biya kansa.

Wasu abokai sun ce in sayar da ita in huta, in sayi ƙaramar mota 'yar Japan. Na yi lissafin wannan ma, na ga abin da za a ba ni a kanta ba zai sayi rabin wata ba, kuma tsohuwarmu in ta ji ƙarar injin nan a ƙofar gida takan ce kamar Alhaji ne ya dawo. Saboda haka na raba aiki. Makaranta da kasuwa babur, domin gajeriyar tafiya cikin gari ita ta fi cin mai, injin bai gama ɗumama ba an kashe shi. Marsandi kuwa ta Jugu ce da ɗaurin aure da asibiti.

Shawarata ga 'yan uwa masu tsofaffin manyan motoci ita ce, ku sayi mai da lita, ku rubuta da lita, kada ku lissafa da kuɗi, domin farashi yana da nasa hawa da sauka. Ku fara da abin da ba ya cin kuɗi kafin mai cin kuɗi, ku canza abu ɗaya ku auna kafin na gaba. In wani ya ce zai cire muku termosta, ku ce ya wanke lagireto tukuna. In kuma zuciya ta fara nuna muku wani a cikin gida, direba ne ko ɗa ko mai gadi, to ku riƙe bakinku har ku cika tanki sau biyu. Ni lita goman da na yi ta asara na daina asararta, amma har yau in na miƙa wa yaron nan makulli sai na ga ya ɗan yi jim kafin ya karɓa.

Littafin Baba yana nan a aljihun mota. Shafukan farko ajami ne da hannunsa, na tsakiya boko ne da hannuna, na baya-bayan nan kuwa ɗan yayata ne yake cikawa, domin na ce shi ya riƙa rubutawa.